Ragunan Layya da Aikin Ɗana

Assalamu alaikum Malama, barka da aiki. Dattijo ne ke gaishe ki daga unguwar Briqueterie.

Tun da aka rufe ma'aikatarsu ɗana Sani yake zaune, sai bana ƙungiyar unguwa ta ɗauke shi aikin dasa itatuwa a bakin kwata. Aka yi dashen saura mako guda Babbar Sallah, lokacin da kowa ke ɗaure rago a ƙofar gida. Kwana uku, raguna sun cinye ganyen kusan duka. Shugabar ƙungiya ta ce in ba su sake toho ba, aikinsa ya ƙare. Na zaga ina yi wa maƙwabta faɗa har muryata ta dishe, na dawo na tarar da nawa ragon yana tauna ganyen ƙarshe.

Na gaji, Malama. Masu sauraro, itacen da rago ya aske yana farfaɗowa? Ki gaishe mini da abokaina na unguwar Messa, su daina dariya.