Alkunyar Inna da Lambar Yabon Yaya Sani

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ma'abocin hikima. Ni ne Nasiru daga Kwararafa, sabon mai digiri a kimiyyar siyasa.

Babban yayanmu, Yaya Sani, matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne a rundunar soja. Ina kewar zamanin da yake ƙera mana jirage da karan dawa, Inna tana korarsa wai ya cika mata tsakar gida da tarkace. A fagen daga, shi ne ya jagoranci jirage cikin ruwan wuta, ya kwaso sojojin da aka yi wa ƙawanya. Yanzu za a karrama shi, kuma burinsa Inna ta halarta.

Inna ta ƙi, domin ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Na gabatar mata da gamsassun hujjoji. Ta ce, "Bokonka ya yi yawa. In zauna gaban jama'a ana yabon wancan? Gwaggonku ta je." Amma na tarar da ita tana goge hotonsa da bakin mayafinta.

Masu sauraro, saura mako guda. Yaya zan shawo kanta ba tare da na keta alkunyarta ba?