Likitan Talabijin a Layin Allura

A ɗakin jira na asibiti, ina jijjiga jaririna, sai wata mata mai riƙe da yarinya ta ƙura wa dattijon da ke gefenta ido.

"Laa! Baba, ba kai ne likitan nan na talabijin ba? Don Allah duba min ƙafar 'yata, ƙusa ta taka."

"Baiwar Allah, ɗan wasa ne ni. Tun muna dandamali nake sa farar riga, ko mura ban taɓa warkarwa ba."

"Da idona na ga ka yi tiyata!"

"Kankana ce a ƙarƙashin mayafin. Muna gamawa muka shanye mara lafiyar."

"To ko da muryar likitan ka ce mata allura ba zafi. Ta ƙi shiga, kai kuwa za ta ji maganarka."

"Ba zan yi wa yarinya ƙarya ba. Ni ma allurar aka rubuta min, tun ɗazu ake kirana ina barcin ƙarya." Ya sunkuya. "Jikata, ko za ki raka ni?"

Yarinyar ta share hawaye, ta kama hannunsa.

"Taso, Likita. Ni zan fara, ka gani."