Abin Murje Dankalin Matar Kansila

Ina da wani hali da ba na alfahari da shi: in na sayar wa 'yan gwanjo kayana da suka lalace, nakan koma in ga wanda zai saya. Ina tsaye a rumfar Isyaku ɗan gwanjo a Ƙofar Mazugal, satin da soja suka miƙa mulki, sai ga wata Hajiya tana haki.

"Malam, abin murje dankalin Turawa nake nema. Maigidana ya zama kansila, gobe Baturiyar da ta duba zaɓe za ta ci abinci a gidanmu."

"Hajiya, ba ki da turmi?" in ji Isyaku.

"Na kirɓa a turmi! Ya yi danƙo, sai da maƙwabciyata ta taya ni ciro taɓarya."

"Muciya fa?"

"Tuwo ya zama. In ba Baturiya tuwon dankali, matan unguwar Sheshe su yi ta yi da ni har wani zaɓen?"

Isyaku ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe. "Ga shi. Da wannan suke yi a can."

"To wannan wayar ta mece ce?"

"Na zamanin soja ne ake dannewa da ƙarfi. Wannan na farar hula ne. Jona shi za ki yi, dankalin ya murje da yardarsa."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Sai ki danne, kamar da."

"Allah ya rufa maka asiri. Ƙunsa min."

Hitar dafa ruwan wankana ce, tun azumi ta ƙone.