Bayan Katanga

A tasha, ana jiran mota ta cika, wani mai ɗaukar hoto ya nuna wa tsohuwar da ke gefensa hotunansa.

"Sha'awa ce kawai, Iya. Tsofaffin motoci nake ɗauka, da ƙauyukan bakin teku. Dubi wannan, ruwa har cikin ɗakuna."

Ta daɗe tana kallo. "Garinmu ne. Kabarin maigidana na bayan katangar nan. Ka gan shi?"

Ya tuna sarai, babu komai a wurin sai ruwa.

"Ban zagaya ba, Iya."

"To, in ka koma ka duba min, ɗana. Ƙafa ta ƙi ni yanzu."

"In Allah ya yarda," ya ce, bai ɗago kai ba.