Sai Ta Cika

A ɗakin jiran wani gareji a garin Wendover, wani dattijo ya dubi matar da ke kusa da shi.

"Hajiya, kin ji wurin wasannin nan zai ƙara otal biyu? Direbobi suke nema, masu kwaso baƙi. Gobe suka ba ni randebu, in je su gwada ni."

"Ma sha Allah. Ka taɓa jan bas, Baba?"

"Zinder zuwa Maraɗi, tun ina saurayi. Motata ba ta tashi sai ta cika, ko za a kai la'asar."

"Tasu kuwa lokaci na yi take tashi, ko fasinja ɗaya ne."

"Wane marar tunani ne ya tsara wannan asarar?"

Ta yi dariya, ta ɗauki makullinta.

"Ni ce, Baba. Ka zo da wuri gobe, ni ma ba na jira."