Kafireta Ɗaya Ta Rage

A wani shagon kayan gyaran mota a birnin Mendoza na ƙasar Ajantina, wata mata da wani dattijo suka kai hannu kan kafireta ɗaya, ta tsohuwar bas mai gado da murhu a ciki.

"Na riga ki, 'yata," in ji dattijon.

"Baba, don Allah ka bar min. Na zaga garin nan kaf, an ce an daina ƙera irinta."

"Shi ya sa nake tara su. Gobe ko da kuɗinki ba za ki samu ba."

"Ni ta yau nake yi. A cikin motar muke kwana da 'ya'yana. Hukuma ta ce in ba ta tashi daga bakin titi ba, za a janye ta. Kai ma taka ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau. Kullum sai na goge ta."

"To ina kake zuwa da ita?"

Dattijon ya dubi kafiretar.

"Matata Ofelia ce ke zaɓa mana hanya. Tun da muka binne ta, ban san inda zan nufa ba."

Matar ta janye hannunta. Dattijon ya tura mata kafiretar.

"Ɗauki. Mu je in ɗaura miki."