Zaren da bai tsinke ba

"Mama, me ya sa idon tsohon nan ba ya motsi?"

A shagon kayan kamun kifi ne, a garin Grafton. Marnie ta jawo 'yarta jikinta. "Yi haƙuri, Baba."

"Na gilashi ne, 'yata. Wata asuba ina neman wani kifi da ake kira bas, kogi kwance kamar madubi, sai kotona na roba da ke bakin ƙugiya ya maƙale a reshe. Na fizga, ƙugiyar ta dawo mini cikin ido. Idon yana can, har yau yana kallon ruwan."

"Ni kuwa zaren fatsa mafi ƙarfi na zaɓar mata," in ji Marnie.

"Mayar da shi. Nawa ma bai tsinke ba."

Mai karatu, in fatsar yaronka ta maƙale, kada ya ja. Yanke zaren.